Giginyar Ƙarfe

Ni ne Mati, mai gadin ƙarfen sabis
da aka kafa a gonar kakana, kudu da Maigatari.
Inda muke zuba riɗi a da
yanzu waya ce mai ƙaya,
da jar fitila can ƙololuwa
tana ƙifta wa taurari ido har asuba.

Kayan aikina tabarma, buta, tocila.
Janareta na gurnani a bayana kamar raƙumin da aka yi wa lodi,
na saba, har in ya yi shiru
barci ke ƙaurace mini.

Ran Laraba ya yi shiru.
Motar gas ta kafe a laka wajen Gumel, in ji wasu,
wasu suka ce direban ya sha rabi a hanya.
Allah masani.

Kafin hantsi ga Tasalla, ta ci ɗamara:
"Ɗana ya turo kuɗin allura daga Fatakwal,
mai cirar kuɗi ya ce ba sabis. Mati, kunna!"
Sai ka ce a aljihu na ɓoye shi.
Ga Sabi'u a keke, gumi har gira,
yau ake rufe rajistar jarrabawa.
Ya sai da ɗan akuya ya sayi data,
ga rijiya cike, ba guga.

Nasidi dillali kaɗai ke shafa gemu.
Ba mai jin farashin Dawanau yau,
buhu ya koma abin da bakinsa ya faɗa.

Da la'asar samari suka hau jigawar arewa,
hannuwa sama kamar masu roƙon ruwa.
Saƙo ya faɗo musu da Faransanci
yana yi musu maraba da zuwa
ƙasar da ba su taka ba,
ya lashe ɗan kuɗin da ke kan layi, ya tafi.

Kwana uku.
Muka koma aike a bakin ɗan acaɓa,
rabi ya isa, rabi ya zube a hanya.

Daren Asabar motar ta iso, taɓo har gilashi.
Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.
Daga nan inda nake na ji gari ya ɗauka,
kowane gida waya na kuka
kamar 'yan tsaki sun hango tsaba.

Tawa, 'yar ƙarama mai ɗaure da kyauro,
ba ta ce uffan ba.
A gindin ƙarfen dama ba ta cika kamawa ba,
sai na taka har bakin kwalbati.
Nan ta yi ƙara.
Surukina ne daga Haɗeja:
Hansai ta sauka tun Laraba, namiji,
sun yi ta nema, ba ta shiga.

Na tsaya da tocila a kashe.
Jikana ya kwana uku a duniya
kakansa na gadin maganar mutane.
Na waiwaya na dubi jar fitilar.
Inuwar giginya, na ce mata,
na nesa ka sha ki.

Na koma na zuba wa raƙumin ruwa.