Ƙulli Ɗaya

Asubar Laraba a gaɓar Bol,
tun ladan bai gyara murya ba
na jiƙa wando har gwiwa.
Jirgin Alhaji Mbodu dogo ne, ba laifi,
amma duk wanda ya zo
gani yake don kayansa aka sassaƙa shi.

Kanwa a ƙasa, kan katako, ita ba ta fushi da nauyi.
Masara a tsakiya.
Kwalin banda nesa da jarkar mai,
kada mutanen Baga Sola su ci kifi mai warin inji.
Wannan ko yaro ya iya.
Keke shi ke fid da gwani.

Keke bai iya zaman jama'a ba.
Feda ta huda buhu,
ƙaho ya zunguri haƙarƙarin tsohuwa,
sarƙa ta shafa wa farar riga baƙin mai,
a tashi da zagi tun ba a bar gaɓa ba.
Yau guda bakwai suka kawo mini.
Na ɗauki sufana ta goma sha biyar,
na cire feda, na karkata kai,
na haɗa su kai da ƙafa kamar kifi a kwando,
tsumman buhu tsakanin kowane biyu,
na ɗaure da robar tsohuwar taya.

Na bakwai na Mushe Tanko ne,
sabon malamin lakwal da aka tura tsibiri.
Sabo ƙal, da ledarsa a sirdi.
Ya ce nasa ba ya kwanciya da na masu kifi,
a sa shi can sama,
cikin ƙaramin kwalekwalen da ke kife bisa rumfa,
a juyo shi, ai ga wuri a banza.

Na ce, Mushe, wannan ba wuri ba ne.
Ya ce zai ƙara dala ashirin.
Na ce, ko jaka.

Baba Kyari da ya koya mini igiya,
Allah ya kai haske kabarinsa,
ya taɓa marina a kan wannan kwalekwalen.
Ya ce: kowane kaya ka ba shi ƙulli uku,
amma abin da zai cece ka, ƙulli ɗaya,
wanda hannu mai rawa zai kwance a duhu.
Kada ka ɗora masa ko hula.

Mushe ya zauna yana cika yana batsewa,
kekensa a kwance da talakawa.
Duk igiyar ruwan da ta buge mu
sai ƙararrawarsa ta yi ƙara ita kaɗai,
yara na dariya.

Da la'asar sakaliya, tsakanin kyauro da kainuwa,
inji ya yi tari biyu ya mutu.
Tsohuwar koma ta naɗe farfela.
Iska na tura mu gefe,
can inda dorina uku suka fid da kunnuwa.
Hajja Falmata ta fara salati da ƙarfi.

Na hau rumfa. Na ja wutsiyar igiya.
Ƙulli ɗaya.
Kwalekwale ya sulale ruwa kamar kada,
filafili na ɗaure a cikinsa inda na bar shi,
wuƙa a haƙorana.
Kafin a kai ƙarshen salati na uku
na yanke komar, Adum ya ja inji.

Ba wanda ya ce mini komai.
Haka aikin yake.

A tsibiri na sauke keken, na mai da feda,
na miƙe kai, na goge ɗigon laka a sirdi.
Mushe ya daɗe yana kallon rumfa.
Sannan ya ce, wane irin ƙulli ne wannan?
Na ciro guntun igiya na nuna masa sau biyu.
Ya kasa.
Ya sa igiyar a aljihu,
ya tura keken cikin rairayi,
don a can ba a hawa, sai turawa.