Ɗuri Ɗaya

A tsaunukan Pensilbaniya, bayan Kirsimeti,
masu bindigogin zamani sun rataye nasu,
daji ya koma hannun masu taurin kai.
Mu ke nan: ni da ubana, Harlan Zerbe,
wanda yanar ido ta cinye wa rabin duniya.

Shi ya sassaƙa wannan bindiga shekarar da aka haife ni,
da itacen da iska ta kayar a bayan gidanmu.
In ta tsaya, tana taɓa haɓata.
Yau ba ya ganin bakinta, amma hannu bai manta ba.
Ya buɗe ƙaho, ya auno albarushi
baƙi wuluk kamar irin albasa,
ya shafa wa tsumma kitse, ya naɗe dalma,
ya danna da sanda har ta zauna daram.
Ya ce, "Ɗuri ɗaya ne, Lorna. Ba shi da ƙane."

Na bar shi a mota da bargo da butar shayi,
na hau tudu ni kaɗai.

Ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a haƙorin bindiga,
ɗaya tana kashe wuta, ɗaya tana haifar ta,
ni kuwa a tsakaninsu, jingine da itace,
yatsun ƙafata sun yi ƙaura tun hantsi.
Kurege ya zo ya zage ni ya wuce.
Wani reshe ya gaji da kayansa, ya sauke min a kafaɗa.
Na kakkaɓe. Ban duba ba.

Sai da rana ta karkata ta fito.
Ban ji takunta ba.
Gurbin da babu kowa ne kawai ya zama barewa,
tsohuwa, kunnen hagu a tsage,
numfashinta yana tashi fari fat.
Taku arba'in. Na ƙirga haƙarƙarinta da ido.
Na ɗora kumatu a inda kumatun Baba ya goge itace,
na ja kunama.

Ƙyas!
Wuta ta tashi a ɗan kasko, ta lashi girata,
hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika hancina,
amma cikin bindiga shiru kamar maƙabarta.
Ɗigon nan na reshe ya riga ni zuwa.

Ta dube ni, ba tsoro, ba gori,
kallon da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya,
sannan ta ɗaga farar wutsiya,
daji ya haɗiye abinsa.

Dokar Baba ce: ɗuri ba ya kwana a ciki.
Na sakace kafar da ɗan ƙarfe, na sake zuba gari,
na auna wani ruɓaɓɓen kututture.
A nan ta samu baki, munafuka.
Ta yi tsawa har tsauni uku suka amsa.

Ina gangarowa ina saƙa ƙarya.
Zan ce na same ta, jini ya ɓace a rafi.
Zan ce duhu ne ya raba mu.
Mutumin da bai da sauran hunturu da yawa,
me zai rage shi in na ba shi wannan?

Na tarar ya fito, yana tsaye jikin mota,
wuƙarsa tana kube, igiyar ja tana naɗe.
Kafin in buɗe baki ya ce,
"Kututture ba ya amsa dalma kamar yadda nama ke yi.
Shekara hamsin ina jin bambancin."

Ya laluba ya kama fuskata,
ya shinshina ƙonanniyar girata, ya yi dariya har da tari.
"Ta zo kusa, ke nan."
Na ce, taku arba'in. Kunnenta a tsage.
Ya yi shiru.
"Na hagu?"
Na ce, na hagu.

Ya miƙo min shayin da ya huce,
ya rungume bindigar kamar jinjiri,
bai ƙara cewa komai ba har muka ga fitilun gari.