Ɗigo Huɗu a Kan Gilashi

Goggo Jaratu ta daina kukan gwiwa.
Wata huɗu ke nan tana zaga Lofere ba sanda,
tana sujada kamar yarinya,
unguwa na sa wa Hamajoda albarka,
shi da kwalabensa masu murfin leda.
Saiwa ce, in ji shi, da matsarmamar bijimi,
sai wani sirri da kakansa ya bar masa.

Ni dai fuskarta na duba.
Ta cika, ta kewaye kamar faifai,
wuya ya yi tozo, ƙauri ya koma sillen kara,
ƙishirwa na tashinta sau uku kafin asuba.
Mata na cewa hutu ne ya karɓe ta.
Ranar Talata na sace rabin kwalba a jakata.

A ɗakin gwajinmu na bayan asibiti,
inda fanka ke juya zafin Garwa ba ta rage shi,
na ɗauko farantin gilashi mai shafen farar silika,
na ja layi da fensir, yatsa guda daga ƙasa.
Biro ba ya shiga wannan aiki,
tawadarsa ma gudu take yi.

Ɗigo huɗu na jera kamar yara a bakin tsere:
ɗacin matsarmama, mun san shi;
kitsen tsiro, mun san shi;
dekisametazon daga kwalba mai hatimi;
na huɗu na Hamajoda,
baƙon da ba mu san gidansu ba.

Na jingina farantin cikin tulun gilashi,
kulorofom da metanol a gindi, na rufe.
Binuwai gangara ya sani,
wannan ruwan kuwa hawa yake,
a hankali, kamar danshi a katangar ƙasa cikin Agusta.
Mai riƙon silika ya noƙe kusa da layi.
Mai son maiƙo ya bi ruwa har kusan ƙoli.
Ba wanda aka tura.
Minti ashirin da biyar.
Wuta ta ɗauke sau ɗaya, ruwan bai ma sani ba.

Na busar. Na ja labule, na kunna fitilar duhu.
Farantin ya yi kore shar,
a tsakiyarsa inuwa biyu, kafaɗa da kafaɗa.
Na fesa asid, na gasa,
sauran suka fito da launinsu.
Matsarmama tana ƙasa. Bai yi ƙarya ba.
Tsiro yana sama, ja mai ratsin shuni. Nan ma bai yi ba.
Abin da bai faɗa ba ne ya tsaya a tsakiya.

Na ɗora rula.
Ruwa ya yi tafiyar santimita goma,
su biyun huɗu da 'yan kai,
ko tsinin allura ba ya shiga tsakaninsu.
Na sake da wani haɗin ruwan, ko zan ƙaryata kaina.
Suka sake tsayawa tare.

Madam Ndudi ta leƙo ta saman tabarau.
Faranti shaida ne, ta ce, ba alƙali ba,
ki cika takarda, a kai sauran Yawunde.
Kuma kada tsohuwa ta yanke shi dare ɗaya,
jikinta ya manta yadda ake yin nasa,
sai likita ya sauko da ita tsani-tsani.

Hamajoda ne ya kama makarar babana ta gaba.
Shi ya ranta mana sefa dubu talatin
shekarar da na shiga makarantar nan,
bai taɓa aiko yaro tambaya ba.

Na naɗe farantin a tsohuwar jarida,
na hau babur, ina riƙe da shi a ƙirji
kada ramukan hanya su fasa shi.
Na iske Goggo a tsugune gaban murhu,
tsugunon da bara ba ta iyawa.
Ta ɗago da wannan cikakkiyar fuska, tana dariya:
Dudu, ko kin ga kwalbata?