Kifin Amaro

Shekara goma sha tara ina tuƙa injin ɗaga kaya
a tashar jiragen ruwan Valparaíso.
Daga kukan igiya nake gane nauyin kwantena.
Amma ɗana Amaro, ɗan shekara bakwai,
ya yi wata goma yana tura kamfai bayan firji
ban sani ba.
Wari ne ya tona.
Abin da na faɗa masa ran nan
har yau yana tsaye a maƙogwarona kamar ƙaya.

Fresia kan shanya zanin gado tun asuba
kafin maƙwabta su buɗe taga,
iskar teku ta yi ta kaɗa shi
kamar tana nuna wa unguwa.
A jakarsa, ƙarƙashin littafin lissafi,
wando na biyu a naɗe cikin leda.
Ya daina fita ƙwallo.
Wai ƙwallon ce ta gundure shi.

Wata Talata muka hau tudu mu uku
zuwa ɗakin Eloísa Painemal, likitar motsa jiki.
Ba ta fara da mu ba. Ta durƙusa daidai tsayinsa:
"Jikinka ne. In ka ce a tsaya, an tsaya."
Sannan ta ɗauki alƙalami ta yi zane.
"A ƙasan ƙugu akwai tsokoki
saƙe kamar ragar masunta.
Wata rana bayan gida ya yi masa zafi, ya matse.
Gobe ma ya matse.
Hanji ya cika, ya danne mafitsara,
ya gaji da aika saƙo, ya yi shiru.
Abin da ke zubowa, ba ya jin fitarsa."

Ba ya ji.
Na dubi takalmina.
Rashin sani ya fi dare duhu,
ni kuwa har fitilar na hure.

Da uwarsa a gefe, aka liƙa 'yan wayoyi,
wani jan kifi ya bayyana a fuskar na'ura.
"Matse." Kifi ya yi sama kamar an jefa shi.
"Saki."
Kifi ya maƙale can sama, yana rawa.
"Saki, Amaro."
Ya ce, "Ai na saki."
Idonsa ya kawo ruwa.

Sai ta miƙa masa ruwan sabulu da ɗan zobe.
"Hura a hankali. Bar cikinka ya kumbura."
Kumfa ɗaya, biyu, ta uku ta fashe a hancina.
Ya tuntsire da dariya,
kifi ya sulale har ƙasa, ya kwanta kan yashi.

A gida na sassaƙa masa matakin ƙafa
da katakon da aka yar a tasha,
don gwiwa ta ɗara ƙugu in ya zauna.
Minti biyar bayan kowane abinci.
Kofi shida na ruwa, Fresia na jan layi a takarda.
Wake, ganye, da maganin da yake yamutsa wa fuska.

Tsugune dai ba ta ƙare ba.
A mako na shida katifa ta jiƙe sau uku.
Sai dai a na ukun, shi ya zo ya taɓa kafaɗata.
Ya kama bakin zani, na kama ɗaya,
ba wanda ya ce uffan.

Sabbin yara a wurin aiki ɗagawa ke burge su.
Nakan ce, kowa ya iya ɗagawa.
Sauke tan talatin ba tare da ƙara ba,
wannan ya ci mini shekara huɗu,
kuma ba wanda ya kira ni malalaci.

Jiya da dare ina wanke kwanuka,
ta bayan ƙofa na ji yana hura iska, yana ƙirga.
Shiru.
Sannan: "Baba! Ya sauka!"
Na rufe famfo don in ji da kyau.

Yau ya tambayi inda takalman ƙwallonsa suke.
Sun yi masa kaɗan.