Rahoton Sakatare

Ran Asabar bayan asuba
mu sha ɗaya muka fito, a takarda mu talatin ne.
Sallau mai faci ya kawo shebur uku,
ɗaya ba ƙota.

Kwatar Ƙofar Sauri ta toshe tun bara.
Mun zaro leda, mun ƙara zaro leda,
da takalmin yaro wari ɗaya,
da rediyon da ta gaji da labarai.

Barira ungozoma ke riƙe da littafin kuɗi:
dubu huɗu da ɗari biyu,
sai alkawarin Alhaji Tanimu
da har yau yana hanya.

Da hantsi wata tsohuwa ta leƙo,
"Gwamnati ce ta turo ku?"
A'a, Iya.
Ta shige. Muka ce ta yi fushi.
Sai ga ta da fura, ludayi biyu kacal,
muka yi ta miƙa wa juna.

Daren Talata ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.
Na tsaya a zaure da tocila
ina kallon sa yana bin hanyarsa,
bai shiga ɗakin kowa ba.

Wannan ban sa a rahoto ba.
Na dai rubuta: a sayo ƙota.