Ƙarfe Shida a Pokhara

Ni ne mai gadin allura,
wadda ke rawa a bayan gilashi
a ɗakin rarraba lantarki, gefen Pokhara.
Shekara sha tara ina nan zaune,
ina auna ƙishirwar gari da ido,
ina raba masa wuta.

Da can na san garin nan kamar yunwar cikina:
shida, tukwanen shinkafa su kama,
bakwai talabijin, goma kowa ya kwanta,
allura ta sauko ta huta.

Yanzu motoci ma suna cin abincin dare.
Khagendra, mijin ƙanwata,
ya rabu da tsohuwar tasinsa mai tari,
ya sayo fara, shiru-shiru, ba hayaƙi, ba layin mai.
Da almuru sai ya cusa mata igiya a kwiɓi,
ta kama kamar maraƙi a nono.
Shi kaɗai da sauƙi.
Su ɗari huɗu ne a layin Lekhnath,
kuma tare suke dawowa gida,
kowa da yunwar tasa da ta mota.

Ga sanyi ya ɗaure ƙanƙara a kan duwatsu,
kogin Marsyangdi ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa,
injinan madatsa na juyi da kasala.
Tuwo kaɗan, hannaye sun yi yawa a akushi.

Daren Laraba, taransifomar kwanar gidan burodi
ta yi gurnani, ta yi zufar mai, ta yi tsit.
Unguwa ta afka duhu,
a cikinta akwai Dhanmaya, uwata,
da na'urar da ke taya ta numfashi.
Minti arba'in.
Da ƙirji na ƙirga su, ɗaya bayan ɗaya,
kafin yaranmu su maido da wuta.

Washegari na sami Khagendra a teburin mai shayi.
Na ce, ka bar ta sai ɗayan dare,
mota ba jaririya ba ce, tana iya jira.
Ya ce, da asuba nake fita.
Na ce, kafin asuba ta ƙoshi.
Mithu, mai tuƙa ƙaramar bas, ta aje kofi:
ku rage kuɗin wutar dare, ku ga ko ba mu bi ba,
ba a raba mu da sisi da wa'azi.
Na rubuta maganarta, na aika ofis.
Har yau takardar ba ta dawo ba.

Rabinsu dai sun ji.
Ɗayan dare, lokacin da wayoyi suka saba zaman banza,
allura kan ɗago a hankali, ba firgita.
Rabin da suka ƙi, ina jin su a haƙorana
duk ƙarfe shida.

Ban tsani motocin ba.
Da safe iska wasai take a bakin tabki,
tarin uwata ya ragu.
Damina nake jira, ruwa ya tumbatsa,
in ce musu ku sha, ku sha.
Kafin nan, idona na kan allura,
hannuna na kusa da makunnin wuta.