Minti Biyu

Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo
a rumfata, bayan Tashar Dukku.
Na san warin dalma in ta narke,
na san kukan waya in ta tsinke,
ban taɓa tambayar mai iskar ba.

Da can, in na murza allura
sai ka ce ranar kasuwar Kumo:
nan Fulatanci, can Tangale na gaisuwa,
wani na cigiyar akuya mai baƙin kunne,
wani na rantsuwa kan tsadar taki.

Bana tasha uku, maƙogwaro ɗaya.
Na zaci akwatin ne ya lalace,
na kwance, na hure, na mayar da noti.
Ashe ba ciwon akwati ba ne.
Mutum guda ya saye su duka
kamar buhunan masara da kaka,
ya zuba a sito, ya rataya makulli.

Goggo Dija ta Bolari,
wadda kwari ya cinye wa makewayi,
ya ci durumin da mijinta ya dasa,
yanzu yana lasar gindin ɗakinta,
da takan bugo waya duk Laraba
har yaran unguwa sun haddace muryarta.
Yanzu layi ya ƙi shiga.
An ce mai tashar ne ke da kwangilar magudanar.
An ce. Ni dai dalma na sani.

Sai hukuma ta kira zaman jin ra'ayi
kafin a sabunta lasisi.
Ba a rediyo na ji ba.
A takardar da aka naɗe mini tsire na gani,
da Turanci, mai ya ɓata rabin kwanan watan.
Ɗana Manu ya karanta sauran.

Talata, hantsi, mutane na gona.
Zauren otal mai sanyi kamar randa,
lauyoyi a gaba, ruwan gora a gabansu,
mu bakwai a baya, har da mai shara.
Mai ƙararrawa ya ce: kowa minti biyu.

Da aka zo kaina, makirufo ya mutu.
Na busa, na ƙwanƙwasa, shiru.
Suka dubi juna, suka dubi agogo.
Na ce batir ne.
Na laluba aljihu, don ba na rabo da shi,
na kankare tsatsa da farcen babban yatsa,
na sa, ya yi tari, ya farka.
Aka tafa mini.
Mai ƙararrawa ya ce saura rabin minti.

Na ce: Ranku ya daɗe,
rijiyar gari ba a yi mata murfin mutum ɗaya.
Ku ba shi guga, ku ba shi biyu in kun so,
amma ku bar wa Goggo Dija igiya.
Iskar nan da kuke yankawa da biro
ta gidanmu take bi kafin ta...

Ƙararrawa.

Magatakarda ya rubuta abin da ya rubuta,
bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Aka raba lemo. Aka ɗauki hoto.
Batirina ya tafi da makirufon.

Jiya da la'asar ga Goggo Dija,
rediyo naɗe a gefen mayafi,
laka har idon sawu.
Ta ce: Barde, duba mini wannan,
bakinta garau, kunnen ne ya toshe.

Na karɓa. Na kunna fitila.
Na daɗe ina kallon cikinta,
komai na nan inda ya kamata.
Na ce ta dawo jibi.
Hadari na haɗuwa ta gabas,
ta dube shi, ba ta ce komai ba,
ta sa takalmanta a hannu.